Karsanar Hawan Kibo

Ku da kuke zaune a tashar Gwarzo kuna cewa tuƙi riƙe sitiyari ne kawai, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku, wanda ko gemu bai gama fito masa ba, yana cewa direbobin da ai 'yan dako ne masu taya, ba su san komai ba sai kai gyaɗa Kano. Ban tanka masa ba saboda bakina cike yake da goro. Yau na tofar.

Sunana Ɗanlami, a Unguwar Tudu aka yanke mini cibiya. Kakana da shanu ya shigo ƙasar nan, ubana ya haɗa sanda da fartanya, ni kuwa na ajiye su duka biyun na bi hayaƙin mota. Ranar da na tafi Kabo wurin Maigida Tanko, wanda yake jan babbar motar Alhaji Sule mai sikelin gyaɗa, ubana bai hana ni ba. Ya ɗauka yunwa za ta koro ni kafin damina. Yunwar ta zo kam, amma ban dawo ba.

Aikin farko da Maigida Tanko ya ba ni shi ne weji. Na san yawancinku ba ku taɓa ganinsa ba. Guntun icen ƙirya ne mai nauyi, an sassaƙe masa baki, an yi masa mariƙi. In mota ta kama hawa da lodi ta fara nishi, sai ka diro tun tana tafiya, ka bi ta a guje da shi a kafaɗa. Da ta tsaya za ka cusa shi bayan taya, kafin ta tuna cewa komawa baya ya fi mata sauƙi. In ka makara, mota da gyaɗa da Maigida duk sun tafi. In ka yi garaje ka sa hannu inda bai kamata ba, yatsunka ne suka tafi. Na daɗe ina wannan, ina ɗebo ruwan lagireto a rafi, ina facin tayar da ta fi ni nauyi a tsakar rana, kafin a bar ni in zauna a gaba ko da motar a tsaye take.

Sannan ga ƙarfen tayar da inji. Batirinmu ba abin dogaro ba ne, sai an zura ƙarfe ta hancin mota an murɗa. Maigida ya nuna mini yadda ake kwantar da babban yatsa gefe ɗaya da sauran, don in inji ya yi tutsu ya mayar da ƙarfen baya, ya fizge daga hannunka maimakon ya karya shi. Sau ɗaya ya nuna, don shi ba ya maimaita magana. In na tambaye shi abu sai ya ce, "Kai Ɗanlami, kunnenka na ado ne? Saurari motar, ita za ta gaya maka." Haka na koyi bambanta kukan fanbel da ya saki da kukan wanda yake shirin tsinkewa, tun ban iya karanta lambar motar ba.

Ranar da ya fara ba ni sitiyari a kan hanya, na ɗauka zai zauna kusa da ni. Ina! Ya kewaya ya haye can ƙarshen bodi, inda girgiza ta fi tsanani, ya ce in ja. Muna isa Gwarzo ya sauko yana dafe da ƙugu, ya ce, "Ka iya jan mota, saura ka koyi jan abin da ke cikinta. Daga baya ake gane direba." Ya yi ta hawa bayan nan har ranar da ya sauko bai dafe komai ba. Wannan ita ce jarrabawata. Lasin da na karɓo a Kano daga baya takarda ce kawai.

Lodin gyaɗa ma da kuke rainawa ilimi ne. A bakin sikelin Alhaji muke jera buhuna kamar ginin tubali, kowanne ya danne bakin biyu, nauyi ya zauna gaba, a ja igiya, a rufe da tamfol. Hanyar Kano a lokacin burji ce mai gargada, in ka yi lodin ganganci kafin Rimin Gado buhunan sun koma gefe guda. In ka isa inda ake gina dalar gyaɗa kuma, akwai ma'aikacin da zai soka ƙarfe a buhu ya zaro 'ya'yan, ya murza, ya shinshina. Da ya ji danshi ko wani wari, lodinka gaba ɗaya ya koma gefe. Shi ya sa Alhaji Sule ya kafa doka a kan motarsa: ba kananzir, ba fata, ba dabba. Ya ce katako yana shan wari ya riƙe, kuma gaskiyarsa ne. Ko kaza aka kawo mini sai in ce a nemi wata motar.

Amma gyaɗa ba ta cika shekara. In kaka ta wuce manoma sun sayar, aljihu ya yi nauyi, mota kuma ta zauna ba aiki. Lokacin da Maigida Tanko ya tsufa ya miƙa mini makulli, ni na je na sami Alhaji na ce a jera benci a bayan motar. Mutanen nan suna noma abin da ake kaiwa har bakin teku, amma da yawansu ba su taɓa wuce kasuwar Getso ba. Ya dube ni ya ce, "Wa zai bar gidansa ya hau mota don kallo kawai?" Na ce a gwada. Tafiyar farko Kano kaɗai muka je, su ga inda gyaɗarsu take kwana. Wani dattijon Kabo ya yi ta zagaya dalar har ya gaji, wai yana neman buhunsa, don da jan zare ya ɗinke bakinsa. Da muka dawo, labarin da ya bayar a ƙofar masallaci shi ya cika mini mota ta biyu.

Daga nan hanya ta buɗe. Na kai mutane Daura sun sha ruwan rijiyar Kusugu, na kai su Sakkwato ziyarar Hubbare. Na tsallaka da su gadar Jebba, inda mota da jirgin ƙasa suke bin hanya ɗaya, sai an tsare wannan wancan ya wuce. Matan da ke ciki suka rufe fuska da mayafi suna salati har muka haye, sannan suka ce in koma da baya ba su ga kogin ba. Na kai su Wikki sun tsoma ƙafa a ruwan ɗumi, wani ya rantse akwai masu hura wuta a ƙarƙashin dutsen. A hanyar Tafkin Chadi rairayi ya haɗiye mu har gindin bodi, muka sayi zana a wani ƙauye muna shimfiɗawa gaban taya muna ɗaukewa a baya, har muka fita. Ƙasar nan faɗi gare ta. Akwai inda za ka yi sallama a amsa maka da yaren da ko kalma ɗaya ba ka kama ba, akwai inda za ka nemi bargo da azahar, akwai inda mutum zai tsufa bai ga dutse ba. Duk na taka su da tayata, ba a waya na gani ba.

A irin wannan tafiya direba ba tuƙi kaɗai yake yi ba. Kai ne ka san garin da yake da Sarkin Hausawan da zai ba ku zaure, da rijiyar da ruwanta ba ya ɓata ciki, da kasuwar da mata za su sayi tsaraba ba a cuce su ba. Kai ne mai raba gardamar alƙibla in duwatsu sun juya wa mutane kai. Kuma kai ne mai tsara zama. Maigida Tanko ya sha gaya mini lodin mutum ya fi lodin gyaɗa wuya, don buhu ba ya leƙe. Masu jiki a tsakiya, tsofaffi kusa da gaba, waɗanda suke da rikicin iyakar gona a raba musu benci. A can baya Na-Allah yake zama da weji. Shi ne karen motata, mutum mai furfura da 'ya'ya, wanda ya ce ba ya son sitiyari ko a kyauta. Sannan dole ka san abin da mutanen kowane gari suke kallo. Mutanen Kabo gona suke kallo, 'yan Gwarzo kasuwa. Mutanen Lakwaya kuwa, ka kai su gaban abin mamakin duniya, in saniya ta gifta sun juya.

Sai shekarar fari ta zo. Ba zan ja muku ita ba, ku tambayi kakanninku. Gyaɗa ta ƙone tun tana fure, sikelin Alhaji ya yi tsatsa a rataye, muka ɗora motar a kan duwatsu muka cire tayoyi don kada su lalace a zaune. Ni da na ga Jebba na ga Chadi, na koma ina taya masu haƙar rijiya don in kai wani abu gida. Amma masu shanu su abin ya fi duka. A Lakwaya akwai Malam Buba, dattijo dogo, wanda in garkensa ya taso daga rafi sai an tsaya an ba shi hanya. Wasu shanun suka faɗi suka kasa tashi, wasu ya sayar da su a farashin akuya, ta ƙarshe shi da kansa ya yanka ta don kada ta zama mushe. Daga ranar ya daina magana sai amsa sallama. Yakan wuni a gindin turke yana kallon ƙasa.

Da ruwa ya dawo a shekarar da ta biyo, an ɗan samu, ko da yake ba kamar da ba. Mutanen Lakwaya suka ce suna so su ga Jos, su ga duwatsu da ramukan kuza, su sauka su ga ruwan da yake zubowa daga dutse a Asob. Ni na san zuciya suke so su wanke. Ana gobe tafiya ina ɗaure benci a ƙofar gidan Dagaci, sai ga Dije, 'yar Malam Buba. Ita kaɗai ta rage masa, kuma a gidanta yake zaune. Ta durƙusa nesa kaɗan muka gaisa, ta tambayi iyali, ta tambayi gajiya, sannan ta kawo abin da ke tafe da ita.

"Malam Ɗanlami, Baba zai bi ku. Maigidana ne ya matsa, wai ko ya ga duniya ransa ya dawo. Ni ban so ba."

Na ce, "Don me, Dije? Ai tafiya magani ce."

"Ba motar nake tsoro ba. Mutumin da ba abin da ya riƙe shi a gida, in ya fita, me zai dawo da shi?"

Na ce mata ni tun da na fara jan mota ban taɓa barin fasinja a hanya ba. Ta ce ita ba tashar Gwarzo take nufi ba, ba kuma Kabo ba. "Daga nan za ka ɗauke shi. A ƙofar gidana nake so ka sauke shi."

Na ce na ɗauka. Dagaci yana zaune yana jin mu, ya gyara rawani ya ce, "To Ɗanlami, ka dai ji. Alkawari kaya ne."

Na zaunar da Malam Buba a bencin farko, daidai bayana, inda zan riƙa waiwayen sa. Muka bi ta Zariya muka hau Jos. Sanyi ya sa mutanena suka naɗe kamar masu zazzaɓi, suka tsaya bakin ramukan kuza suna mamakin mutumin da zai haƙa tafki da gangan, suka shiga gidan namun daji suka ga zaki ido da ido, ɗaya ya ce ashe ƙarami ne a kan yadda ake faɗa. Kowa yana surutu. Malam Buba ya ci abin da aka ba shi, ya bi inda aka bi, bai ɗaga kai ya dubi komai ba. Na fara tunanin Dije ta damu kanta a banza, tsohon nan ko buhu bai fi shi sauƙin dawowa da shi ba.

Hawan Kibo ba hawa ba ne a wurin mai fitowa daga Jos, gangara ce, kuma gangarar ta fi kisa. Hanya ta nannaɗe jikin dutse, gefe ɗaya bango, ɗaya gefen ramin da ba ka ganin komai a ciki sai kawunan itatuwa. Na tsaya a sama da hantsi, na taɓa kowace taya, na gwada birki, na sa Na-Allah ya ɗora weji a cinya. Sannan na hau bodi na ce, "Jama'a, daga nan har ƙasa kowa ya manne a bencinsa. Ko me kuka gani, ku gan shi a zaune. Ko da raƙumi ne yake tashi sama." Suka yi dariya suka ce sun ji.

Na saka giya lamba ɗaya na bar inji ya riƙe motar, don wanda ya dogara da birki a wannan gangara, kafin rabi birkin ya yi zafi ya sake shi. Muna tafiya kamar hawainiya. Mun sha kwana, mun sha wata, muna shiga wadda ta fi su matsewa sai na ji wani a baya ya ɗaga murya.

"La'ilaha illallahu! Jama'a ku ga shanu!"

A ƙasan hanya, ta gefen ramin, akwai wani fili kore a jikin dutsen, garke ya bazu a kai. Farare tas, masu tozo, cikinsu a cike. Mutanen da suka shekara suna jan mushe rabon su da ganin irin waɗannan tun kafin fari. Ban ga tashin fasinjojin ba, a sitiyari na ji shi. Motar ta yi sauƙi ta gefen dutse, katako ya yi ƙara, tayar baya ta bar ƙasa. Duk lodina ya koma gefe ɗaya yana leƙe.

In na danne birki a nan, mun tafi. In na fizgi sitiyari wajen dutse, mun tafi. Abin da na yi, na saki kwanar, na miƙe hancin motar kaɗan zuwa bakin ramin, inda duk jikina yake cewa kada in je, har tayar ta dawo ta dafa ƙasa. Sannan na shafi birki a hankali. Ta tsaya, tayar gaba tana zubar da tsakuwa cikin rami. Kafin in buɗe baki na ji Na-Allah ya cusa weji. Na tsorata, ba zan ɓoye muku ba. Ku da kuke gudu a kan kwalta da hannu ɗaya, wannan shi ne tuƙi.

Na diro raina a ɓace, na wanke su tas, har da sa'o'in ubana. Ba wanda ya ɗaga kai. Na sa suka sauka ɗaya bayan ɗaya ta gefen dutse, na ja motar zuwa inda hanya ta ɗan buɗe. Da na dawo na bi fuskoki, babu Malam Buba.

Can na hango shi. Tsohon da sai da ƙyar yake zuwa masallaci ya riga ya gangara, yana tsakiyar garken. Na bi shi ina zamewa. Na tarar ya kama kunnen wata saniya yana dubawa, bakinsa yana motsi. Mai shanun, wani Ardo da zai yi sa'ansa, yana tsaye da sanda a kafaɗa yana kallonsa. Malam Buba ya yi masa magana da ɗan Fillancin da ya gada, da ya ƙare masa ya koma Hausa. Ashe tsagar kunnen shanun irin ta gidansu ce. Suka shiga bin dangi, wane ya haifi wane, wa ya tashi daga ƙasar Kano da shanu zamanin da aka fara haƙar kuza, har suka haɗu a kaka ɗaya. Ardo ya yar da sanda ya kama hannunsa da hannu biyu. Sannan ya yi masa tambayar da masu shanu suke yi wa juna.

"Ina shanu?"

Malam Buba ya ce, "Fari."

Ardo bai ƙara tambaya ba. Ya kira mu duka ruga, aka kawo nono a ƙore muka sha. Malam Buba bai zauna ba, yana bin shanun ɗaya bayan ɗaya, yana shafa wannan, yana buɗe bakin waccan, maganar da ya yi a wannan hantsin ta fi ta shekara guda. Da muka yi azahar na ce to, a tashi. Kowa ya miƙe ban da shi.

"Ɗanlami, ka gai da mutanen gida. Ka ce wa Dije na sami wuri."

Na ce, "Baba, wane irin wuri? Tashi mu tafi, rana tana yi."

"In koma in yi me? In zauna ina kallon turke? Nan ko ba nawa ba ne, zan ji kukansu da asuba. Ardo ya ce in zauna."

Wallahi na ji tausayinsa, kuma idona ya ga ya fi kyan gani a nan a kan yadda na ɗauko shi. Wasu fasinjojin ma suka fara cewa a ƙyale shi, ai cikin danginsa yake. Na ce musu su ba su yi wa kowa alkawari ba. Na juya wurin mai shanun na ce, "Baba Ardo, mutumin nan amana ne a hannuna. Yana da 'ya a Lakwaya da take tuƙa tuwo da shi. In ya zauna, motar nan ma ta zauna, da ni da duk wanda ke cikinta, sai ka tanadi nonon da za mu sha har damina." Na cusa makulli a aljihu na nemi dutse na zauna. Ba wasa nake yi ba, kuma sun gani.

Ardo ya ɗauki sandarsa. Sannan ya shiga garke ya fito da karsana, fara mai baƙin kunne, ya sa igiyarta a hannun Malam Buba. Al'adarsu ce: in ɗan'uwa ya rasa shanu ba a ba shi sadaka, sai a ba shi riƙon karsana ta haihu a hannunsa, 'ya'yan su zama nasa, uwar ta koma gida. Ya ce, "Wannan ba a nan za ta zauna ba. Ka kai ta ƙasar kakanninmu ta haihu a can. In ka bari ta rame, zan ji labari."

Malam Buba ya dubi igiyar, ya dubi karsanar. Sai ya juyo da muryar da rabon da in ji ta tun kafin fari ya ce, "To kai direba, me muke jira? Ba ka ga rana tana yi ba?"

Na-Allah ya matso kusa da kunnena ya ce, "Maigida, dokar Alhaji fa."

Na ce na sani. Na san dokar, na san dalilinta, na kuma san abin da zai biyo baya. Amma tsohon nan ba zai hau ba sai da ita, ni kuma ba zan tafi ba sai da shi. Muka cire bencin baya, muka zuba ƙasa da ciyawa a kan katako, na ja motar gindin wani tudu ta hau, muka ɗaure ta gaba da baya. Ruwan Asob da muka zo dominsa babu wanda ya ƙara tunawa da shi. Ban taɓa jan lodi mai wuyar wannan ba, mutane da dabbar da ba ta taɓa jin ƙarar inji ba, a Kibo, wannan karon muna hawa. Malam Buba a tsaye ya yi tafiyar, hannunsa a wuyanta yana yi mata magana. Duk inda muka yada zango shi ne mai neman ruwa, shi ne mai yankan ciyawa, har faɗa yake yi mini in na faɗa rami.

Ƙasa da ciyawar ba su hana komai ba, kafin Zariya fitsari ya ratsa katako. Hanyar gida kuwa ta gaban sikelin Alhaji take bi. Na-Allah ya ce mu zaga ta bayan gari, na ce ni ban saci komai ba. Da hantsi muka shiga Kabo. Alhaji Sule ya taso daga kan buzunsa da fara'a yana mana barka da zuwa, sai karsanar ta yi kuka. Ya kewaya bayan motar, ya shinshina, ya dawo.

"Ɗanlami, mene ne wannan?"

"Karsana ce, Alhaji."

"Na ga karsana ce! Me take yi a motata? Wa zai karɓi gyaɗar da ta kwana a kan katakon nan?"

Na gaya masa yadda aka yi, ban rage ba ban ƙara ba. Na ce zan kankare katakon da toka da ruwan zafi, in warin bai fita ba a canja shi a bakin aikina. Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba, a sauke ta yanzu. Na ce, "A Lakwaya zan sauke ta, Alhaji. Saura kaɗan."

"A motar wa?"

Jama'a sun taru. Alhaji mutum ne da ba a mayar masa da magana a gaban sikelinsa, ni ma kuma ban iya janye tawa ba. Ya miƙo hannu, na sa masa makulli a ciki. Ba zan ce ya zalunce ni ba. Motarsa ce, dokarsa ce, fari kuma ya taɓa shi kamar kowa. Na daɗe ba mota bayan nan kafin wani mai dakon auduga ya ɗauke ni. Amma ban ba shi haƙuri ba, har yau kuma ban ga abin ba da haƙuri ba.

Aka kira wani direba ya ƙarasa da sauran fasinja. Aka sauke karsanar, aka ce Malam Buba ya hau, wani zai koro ta daga baya. Ya ce sai dai a yanke igiyar tare da hannunsa. Na ɗauko butata da bargona daga gaban motar na ce, "Baba, mu je."

"Kai kuma ina za ka? Ai na san hanya."

Na ce, "Ni ma na sani."

Ban taɓa sanin nisan Kabo da Lakwaya ba sai ranar. Muka bar titi muka bi burtali. Takalmin direba ba na tafiya ba ne, kafin azahar na cire shi na rataya a wuya. A ƙauyukan da aka saba fitowa in an ji hon ɗina, ranar an fito kallon Ɗanlami direba yana bin bayan saniya da tsumagiya. Wani mai faci da na sani ya leƙo daga rumfarsa ya ce, "Direba, yau wace giya ka sa?" Na ce wadda shi da maigidansa ba su taɓa sawa ba. Malam Buba kuwa yana gaba ko waiwaye ba ya yi, yana nuna wa karsanar inda rafi yake, yana gaya mata gonar wane ce wannan, kada ta kuskura ta shiga.

La'asar sakaliya muka shiga Lakwaya. Motar ta riga mu tun da rana, ta sauke kowa ban da mutum ɗaya. An gaya wa Dije muna tafe, ta ce sai ta gani, ta tsaya a ƙofar gida ta ƙi shiga. Uban ya wuce ta ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba, yana cewa a kawo gatari a gyara turke, a jiƙa dusa, wa ya bar ƙaya a nan. Ta bi shi da ido, mutumin da ya shekara bai nemi ko ruwan sha ba. Sannan ta juyo ta dubi ƙafafuna, sun kumbura, duk sun faffashe.

"Malam Ɗanlami, ina motar?"

Na ce, "Ba mota kika ce in kawo miki ba. Ga shi nan, a ƙofar gidanki."

Ta durƙusa za ta yi mini godiya. Daga cikin gida muka ji shi yana ƙwala mata kira, wai har yanzu ina dusar.